Tatso man ƙamshi daga ƙwaya da iskar da aka mayar ruwa

Mai iri biyu ne a cikin ƙwayar habbatus-sauda. Akwai mai maiƙo, shi ne mafi yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar, kuma shi ke zubowa idan an zuba ta a injin matsa kamar yadda ake yi wa gyaɗa ko riɗi. Akwai kuma ɗan ƙanƙani, wanda sau da yawa ba ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100, shi ke ɗauke da ƙamshin nan mai ratsa hanci da ɗacin da ke kama maƙogwaro. Idan ka ɗiga na farkon a kan takarda zai bar tabon maiƙo, na biyun kuwa tashi zai yi ya bi iska. A cikin wannan ɗan ƙanƙanin ne ake samun sinadarin timokwinon, wanda masu binciken magani suka fi sa wa ido a wannan ƙwaya. Haka abin yake a masoro, da kimba, da citta mai 'ya'ya, da sauran kayan ƙamshi: abin da ya ba su daraja kaɗan ne, kuma ba ya jure wahala. Duk rigimar masana'antar nan a kan yadda za a fito da shi ne ba tare da an ƙona shi, ko an bar shi ya gudu, ko an gurɓata shi da wani abu ba.

Hanyoyi uku aka saba da su. Matsa ita ce mafi sauƙi, amma tana fito da man ƙamshin ne cakuɗe a cikin mai maiƙo, wani kuma ya maƙale a tunkuza, sannan gogayyar ƙarfe tana ɗumama man ko da an rubuta a jikin kwalba cewa matsar sanyi ce. Ta biyu ita ce turara ƙwayar da tururin ruwa, tururin ya kwashi ƙamshin, a sanyaya shi, mai ya taso saman ruwa a kwashe. Tsohuwar sana'a ce. Tun ƙarni na 9 al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza a kan haɗa turare da tace shi ta wannan hanya. Aibinta biyu. Ƙwaya takan shafe sa'o'i cikin zafin da ya kai digiri 100 tare da ruwa, kuma wasu sinadaran suna sauya kama a wannan hali. Na biyun ya fi muhimmanci: abin da ba ya tashi da tururi ba zai taɓa fitowa ba. Man citta da aka tace da tururi yana da ƙamshin citta, amma ɗanɗana shi ka ji, babu yaji, domin sinadarin jinjarol mai yajin yana can a tukunya cikin tuƙa. Haka yajin masoro da na citta mai 'ya'ya. Ta uku ita ce jiƙa garin ƙwayar a cikin hekzen, wani ruwa da ake samu daga ɗanyen man fetur. Yana kwaso kusan komai, kuma da shi ake fitar da mafi yawan man waken suya na duniya. Sai dai bayan ya gama aiki dole a kore shi da zafi, tunda sai wajen digiri 69 yake tafasa, kuma ƙamshi mafi laushi tare da shi yake tafiya. Ga kama wuta, ga saura da yakan bari. Dokar Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce miligiram 1 a kowane kilo na man ci ba.

Abin da ake nema ke nan: ruwan da zai narkar da mai a cikin sanyi, ya gama ya tafi da kansa bai bar komai ba. Iskar kabon dayoksaid, wato CO2, wadda muke fitarwa da numfashi, tana iya wannan, amma sai an tilasta mata.

A matsin iskar da muke rayuwa a ciki CO2 ba ta zama ruwa sam. Idan aka sanyaya ta zuwa digiri 78.5 ƙasa da sifili daskarewa take yi, kuma idan ta ji ɗumi daga ƙanƙara take wucewa iska kai tsaye. Sai matsi, wanda ake aunawa da bar, ya haura bar 5 da ɗoriya sannan ake iya ganin ta a ruwa. A digiri 20 kuwa sai an danne ta da kusan bar 57. Don ka gane girman abin, tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 2 da rabi. Irin wannan ruwa ne a cikin tukunyar kashe gobara mai baƙin ƙaho da ake ratayewa a bankuna da ofisoshi.

Akwai kuma wata iyaka, wadda masanin kimiyya Thomas Andrews ya auna a birnin Belfas ya wallafa a 1869. Da zarar zafi ya haura digiri 31, duk matsin da za ka yi wa CO2 ba za ta koma ruwa mai sama da ƙasa ba. Idan matsin ma ya haura kusan bar 74, sai ta shiga wani hali na uku, ita ba ruwa ba ita ba iska ba: tana cika mazubi tana kutsawa kafofi kamar iska, tana kuma narkar da abu kamar ruwa. Wannan ba abin nesa ba ne. Tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bangon wani shago a Sakkwato ko Damagaram a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin da ke cikinta ya riga ya tsallake wannan iyaka. Mai son aiki da ruwan CO2 na gaske a ƙasarmu sai ya biya kuɗin sanyaya shi tun kafin ya fara komai.

To a nan ne gwanintar take. A wannan hali na uku, kaurin CO2 yana bin matsin da aka ba ta. A digiri 40, idan matsi ya kai bar 100 nauyinta yakan kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ruwa. A kai shi bar 300, ya haura zuwa wajen kashi 90. Ƙarfin narkarwarta kuma da kaurin yake tafiya. Idan ba ta yi kauri ba, ƙananan sinadarai masu ƙamshi kawai take iya ɗauka. Idan ta yi kauri sai ta fara jan mai maiƙo, da kaki, da sinadaran yaji, da launi. Hekzen ba ka da yadda za ka ce masa ɗauki wannan ka bar wancan. CO2 kuwa da juya bawul ake gaya mata. Daga buhu ɗaya na habbatus-sauda ana iya fara zagaye a matsi kaɗan a kwashe ɓangaren da timokwinon ya fi yawa, sannan a ɗaga matsin a fitar da mai maiƙon daban. A ganina wannan zaɓin, fiye da maganar tsabta da 'yan talla suka fi yayatawa, shi ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi.

Saboda haka masu sana'ar sun rabu gida biyu. Wasu suna tsayawa ƙasa da iyakar, suna aiki da ruwan CO2 a wajen digiri 15 zuwa 25 da matsin bar 60 zuwa 70. Aikinsu ya fi laushi, ƙamshin da suke samu ya fi kusa da na ƙwayar da aka daka yanzu, injinsu bai kai tsada ba, amma suna ɗaukar lokaci kuma mai maiƙo kaɗan suke iya fitarwa. Wasu suna tsallake iyakar, daga digiri 40 zuwa 60, matsi daga bar 90 har 300 ko fiye. A birnin Kirasnoda na tsohuwar Tarayyar Sobiyet an fara tatsar kayan ƙamshi da ruwan CO2 tun shekarun 1960. A daidai wannan zamani Kurt Zosel, a cibiyar binciken kwal ta Max Planck da ke Jamus, yana aiki a kan ɗaya hanyar, kuma daga aikinsa ne aka gina masana'antar cire sinadarin kafeyin mai hana barci daga kofi a birnin Biremen a 1978. A wannan hanya ta biyu, kayan yaji da na magani daga baya suka biyo sahu.

Mu shiga ɗakin injin. Ana fara da tsince ƙwaya da busar da ita, domin ruwa maƙiyin aikin ne. Galibi ana so damshi ya sauka zuwa wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa. Sai niƙa, kuma a nan da yawa suke ɓata kaya tun ba a kunna famfo ba. Injin niƙa yana zafi, ƙamshin da ka ji ya cika ɗaki a lokacin niƙa asara ce, ya riga ya fita daga garin. Shi ya sa manyan masana'antu suke niƙa a cikin sanyi kuma su loda nan take. Girman garin ma sai an yi lissafi. Idan ya yi tsaki-tsaki, CO2 ba za ta kai ga man da ke tsakiyar ƙwaya ba. Idan ya yi laushi ainun sai ya dunƙule, ita kuma ta huda wa kanta hanya ɗaya ta riƙa bi, ta bar sauran garin ko taɓa shi ba ta yi ba. Mai aiki zai buɗe tukunya bayan sa'o'i ya ga gefe ɗaya ya yi fari fat ya bushe, ɗaya gefen yana nan da maiƙonsa.

Garin yana shiga kwandon ƙarfe mai rariya sama da ƙasa, a zura shi cikin tukunya mai kaurin bango, a kulle murfi. Daga tanki ruwan CO2 yake fitowa, a ƙara sanyaya shi don kada ya koma iska a cikin famfo, famfo ya ɗaga matsinsa, na'urar ɗumamawa ta kai shi zafin da ake so, ya ratsa garin yana kwasar mai. Daga nan sai ya bi ta wani bawul inda matsi ke faɗuwa farat ɗaya. Da faɗuwar matsi ƙarfin narkarwa ya tafi, man ya zube a ƙasan tukunyar tarawa, CO2 ta tashi a iska, a sake sanyaya ta ta koma ruwa ta koma tanki. Haka za ta yi ta zagaye. Wurin bawul ɗin nan akwai abin kallo: iska idan ta buɗe daga matsi sanyi take yi ƙwarai, har raɓa ta daskare a jikin bututun ko da ana zufa a ɗakin. Idan garin da damshi, ƙanƙara ta toshe hanya, aiki ya tsaya. Dole a naɗe wurin da abin ɗumamawa. Idan aka buɗe famfon ƙasa don kwasar man, da kumfa yake fitowa yana tsiyaya, sauran iskar tana fita kamar an buɗe kwalbar lemo, bayan ɗan lokaci ya kwanta.

Akwai wata dabara da masu bincike a Jami'ar Salerno ta Italiya, ƙarƙashin Ernesto Reverchon, suka yi fice da ita. Fatar ganye da ta ƙwaya tana da kaki, kuma CO2 tana kwaso shi tare da ƙamshi, sai abin ya fito kamar man shafawa mai kauri. Sai suka jera tukwanen tarawa biyu. Ta farko ana riƙe ta da sanyi sosai, wajen digiri sifili ko ƙasa, da matsi mai ɗan yawa; a nan kakin yake zubewa, ƙamshin ya wuce. A ta biyu ake sauke matsin sosai a tari man ƙamshi garau.

Fitar man ba a kan gudu ɗaya take ba. Da farko yana zuwa da sauri, domin man da ke saman ƙwayoyin da niƙa ya fasa a fili yake. Daga baya sai ya koma ɗigo, tunda saura yana can ciki sai ya lallaɓo a hankali. Mai masana'anta ba ya jiran ɗigon ƙarshe. Yana duba inda kuɗin wutar da famfo ke ci ya fi darajar abin da ke fitowa, ya tsaya. Sannan dole a sauke matsi, a buɗe, a juye, a sake lodawa; ba a iya zuba gari ta gefe ɗaya yana fita ta ɗaya kamar injin matsa. Don haka ake jera tukwane biyu, uku ko fiye, wannan na aiki ana loda waccan.

Abin da ya fito a kasuwar duniya ba a lissafa shi cikin man da aka tace da tururi. Da sunansa daban ake sayar da shi, kuma kashi biyu ne, wanda aka zaɓo ƙamshi kawai da wanda aka kwaso duka har da yaji da maiƙo. Wanda ya saba da man tururi ya kan yi mamakin na citta da aka fitar da CO2: ja-ja ne mai kauri, da ƙamshi da yaji a haɗe, ɗigo ɗaya ya isa ya tayar da harshe. Saura kuma, wato garin da aka tatsa, yana fita a bushe ba warin sinadari, ana iya sa shi a abincin dabbobi ko na mutane.

Yanzu ga inda tallar ba ta cika zuwa ba. CO2 da mai take shiri, ba ta jituwa da sinadaran da suka fi son ruwa. Ƙwayar darbejiya misali ce mai kyau: man yana fitowa ba gardama, amma azadiraktin, sinadarin da ke korar ƙwari wanda dominsa ake nemanta, ba ya biyo CO2 zalla da kyau. Sai an ɗan gauraya wani abu, yawanci itanol, wato sinadarin barasa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Da an yi haka, maganar "babu sauran komai" ta faɗi, domin itanol ɗin sai an kore shi daga baya, kuma mai sayen da ke neman shaidar halal yana da haƙƙin ya tambayi daga ina aka samo shi da nawa ya rage.

Sai haɗari. CO2 ba ta kama wuta, wannan gaskiya ne, amma ta fi iskar shaƙa nauyi da kusan rabi, tana kwanciya a ƙasa da ramuka, ba launi ba wari. Ma'aunin da aka saba bi a wuraren aiki shi ne kada ta wuce rabin kashi 1 cikin 100 na iskar ɗaki a tsawon sa'o'i 8; idan ta kai kashi 4 rai yana cikin haɗari nan take. Mutanen Kamaru ba sa buƙatar a yi musu bayani: ita ce ta tashi daga tafkin Nyos a daren 21 ga Agusta 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. Ƙara da tukunyar da ke riƙe da bar 300. Wannan ba aikin da mai walda na bakin titi zai ƙera ba ne, komai gwanintarsa, kuma duk wanda ya ce zai haɗa maka irinta da tsohuwar tukunyar gas, ka guje shi.

Batun kuɗi shi ke yanke hukunci a ƙarshe. Ƙarfe mai kauri, famfo mai ƙarfi, na'urar sanyaya, wutar da ba ta yankewa a tsakiyar zagaye, ma'aikacin da ya san aikinsa: duk sai an biya. Man riɗi na girki ba zai taɓa mayar da wannan kuɗi ba, injin matsa ya ishe shi. Hanyar tana biyan kanta ne inda kaya kaɗan ke da tsada: ɗanɗanon lemo da alewa, turare, man gyaran fata, ƙwayoyin ƙarin lafiya. Jihar Kerala ta Indiya ta daɗe da zama cibiyar tatsar kayan yaji a duniya, kuma kamfanoninta da dama sun ƙara injinan CO2 a kan na da. Cittar Kudancin Kaduna, ta su Kaciya da Kafancan, an san ta a kasuwar duniya da yaji da yawan mai, amma galibi a fashe a bushe cikin buhu take barin ƙasar, tatsar a wani wuri ake yi.

Ga mai sayen kwalba kuma, rubutun CO2 a jikinta yana gaya maka yadda aka fitar da man ne kawai, ba ya gaya maka abin da ke ciki. Yawan timokwinon yana bambanta tsakanin ƙwayar Masar, da ta Habasha, da ta Indiya, da ta Turkiyya, yana kuma raguwa da haske da zafi da daɗewa a ajiye. Injin ba zai ƙirƙiro abin da ƙwaya ba ta da shi ba. Darajar habbatus-sauda a wurin Musulmi sananniya ce, hadisinta yana cikin Bukhari da Muslim, amma abin da magabata suka sani ƙwaya ce da manta, ba wani ruwa da aka tattara ƙarfinsa ninki-ninki ba. Mafi yawan binciken timokwinon a ɗakin gwaji da jikin dabbobi aka yi shi, na mutane kuma galibi ƙanana ne. Abu mai ƙarfi da ɗigo ake auna shi. Kanumfari nawa muke zubawa a kunu da shayi ba abin da ya faru, amma likitoci sun rubuta labarin ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun sha cokalin shayi ɗaya ko biyu na mansa zalla.

Akwai kuma abin da ya fi shafar manomi da ɗan kasuwar da ke ajiye buhu. Yawancin magungunan ƙwari su ma da mai suke shiri, don haka CO2 tana kwaso su da kyau. Har ɗakunan gwaji suna amfani da wannan hanya don gano saurar magani a abinci. Idan daga kilo 100 na ƙwaya aka fitar da kilo 2 na man ƙamshi, maganin da aka yayyafa wa buhunan yana iya tattaruwa a cikin kilo 2 ɗin nan. Fiya-fiyar da ake fesa wa hatsi a sito don ƙwari, sinadarinta diklobos ne, kuma shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. A Jamus akwai kamfanonin da ba sai ka sayi inji ba: ka aika musu kayanka su tatsa maka ka biya ladan aiki. Kafin su zuba buhunka a tukunyarsu sai sun ga sakamakon gwajin damshi da na saurar maganin ƙwari, domin kaya ɗaya mai guba yana iya ɓata musu bututu da tanki har ya shafi na wanda zai biyo baya.